Yadda Aka Gano Ƙwayar da Ke Haddasa Olsa

Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, likitoci sun ɗauka babu ƙwayar cutar da za ta iya zama a cikin tumbin ɗan Adam, saboda ƙarfin asid ɗin da ke ciki. Gyambon ciki, wato olsa, sai a ɗora wa damuwa da yaji da yawan asid. Idan abu ya ci tura, a yanke wani sashe na tumbin.

A 1979, Robin Warren, likita a asibitin Royal Perth na ƙasar Ostireliya, ya riƙa ganin wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa a naman tumbin da ya kumbura. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi, a 1982 suka yi nasarar renon ƙwayar a ɗakin gwaji. Manyan likitoci suka yi biris da su. Ganin haka, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan ƙwayoyin da kansa. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, aka leƙa cikinsa aka tarar da kumburi. Ashe ƙwayar, Helicobacter pylori, amoniya take samarwa ta kewaye kanta, asid ya kasa taɓa ta. A 2005 su biyun suka karɓi kyautar Nobel.

Da gano wannan ƙwaya, olsa ta zama ciwon da ake warkewa. Aka saba da haɗa magani uku: omeprazole mai rage asid, da amoxicillin, da clarithromycin. Sai dai ƙwayar ta soma bijire wa clarithromycin, har a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin ƙwayoyin da ake matuƙar buƙatar sabon maganinsu. A Afirka kuwa metronidazole, Flagyl ɗin nan da ake saye a kemis duk sanda ciki ya murɗa, shi ma ƙarfinsa a kanta ya ragu ƙwarai. Abin yana damuna, domin da hannunmu muke koya mata jure magani.

Shi ya sa a wuraren da bijirewar ta yi yawa likitoci suka koma haɗa magani huɗu, har da bismuth, na tsawon kwana 14. Gwaji ma ya canja. Na jini ba ya bambanta tsohon kamu da wanda ke jiki yanzu, don haka an fi dogaro da na numfashi ko na bayan gida, kuma a maimaita shi aƙalla mako 4 bayan kammala magani, a tabbatar ƙwayar ta mutu.