Ɗan Birtaniya da Hunturun Kanada: Nazari kan Sabo da Dusar Ƙanƙara

Wanda ya dubi taswira zai ga cewa Landan ta fi biranen Kanada irin su Montreal da Ottawa, har ma da Winnipeg, kusa da ƙuryar arewacin duniya. Duk da haka, matsakaicin yanayin Landan a watan Janairu yakan kasance kimanin digiri 5 sama da sifili, na Winnipeg kuwa yakan kai digiri 16 ƙasa da sifili. Dalili shi ne igiyar ruwan ɗumi da ke ratsa Tekun Atlantika daga mashigin Meziko, tare da iskar yamma da ke kai ɗumin nan gaɓar Birtaniya. Saboda haka ɗan Birtaniya ya tashi da sanin hunturu mai yayyafi da hazo, dusar ƙanƙara kuwa baƙuwa ce a wurinsa.

Wannan tarbiyya ita ce asalin wahalar da yake sha idan ya koma Kanada. A ƙasarsa, dusa kan tsayar da al'amura na 'yan kwanaki, kamar yadda ta gurgunta filin jirgin saman Heathrow a Disambar 2010. Dabarar da ya gada ita ce ya shige ɗaki ya jira ta narke. A Montreal kuwa dusar da ke sauka a shekara tana kai kimanin mita 2, tana iya farawa a Nuwamba ta kai Afrilu. Wanda ya ce zai jira, kusan rabin shekara zai yi a kulle, kaɗaici da ƙuncin rai su same shi. A 1984 likitan ƙwaƙwalwa Norman Rosenthal ya bayyana irin ciwon damuwar da ke zuwa da hunturu, wanda ke da alaƙa da ƙarancin haske. Abin lura shi ne yinin Disamba a Montreal ya fi na Landan tsawo. Hasken yana nan, zaman ɗaki ne ke raba baƙon da shi.

Bincike ya nuna cewa shiri ya fi tsananin sanyin tasiri. Nazarin da aka wallafa a mujallar Lancet a 1997 ya gano cewa sanyi ya fi ƙara yawan mace-mace a yankunan Turai masu sassaucin hunturu, domin gidajensu ba su da isasshen ɗumi, mutanensu kuma ba sa rufe kai da hannu yadda ya kamata. Mutanen Finland, da sanyinsu ya fi tsanani, sun fi tsira.

Kanada ta gina rayuwarta a kan irin wannan shiri. A lardin Kwibek doka ce a sa wa mota tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Winnipeg ana jona injin mota da lantarki da dare don kada ya ƙi tashi da safe. A ƙarƙashin Montreal akwai hanyoyin ƙafa masu tsawon kusan kilomita 32 da suka haɗa tashoshin jirgin ƙasa da kantuna. A Ottawa kuma, idan ruwan Rideau ya daskare sosai, mutane na sulu a kansa tsawon kilomita 7.8, wasu ma ta nan suke zuwa aiki.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Baƙon da ke cin nasara shi ne wanda ya koyi sa tufafi hawa-hawa, ya sayi takalmi mai kauri da safar hannu, ya riƙa duba ƙarfin iska kafin fita, tunda iska ce ke sa fata daskarewa cikin mintoci. Yana kwashe dusar ƙofar gidansa da shebur, a nan ne ma yake sabawa da maƙwabta. Yana fita kullum ko na rabin sa'a ne. Ɗan Birtaniyan da ya daina jiran hunturu ya wuce, ya shiga harkokin da ake yi a cikinsa, shi ne ke kai wa Afrilu da lafiyar jiki da kwanciyar hankali.