Wuƙar Maƙera da Kubenta

A kudancin kogin Kaduna, kusa da Kakuri, akwai wata tsohuwar unguwa wadda a ke kira Maƙera. Sunan nan kaɗai ya isa ya nuna sana'ar da aka san wurin da ita, gama maƙera ita ce rumfar da maƙeri ke zama ya hura wuta ya bugi ƙarfe. Kullum dubban mutane suna ratsa unguwar, amma kaɗan ne ke tuna abin da sunan ke nufi. Wanda ke so ya san labarin wurin, sai ya ɗauki wuƙa guda ta ƙirar hannu ya tambayi kansa inda ƙarfenta ya fito.

Ƙira tsohuwar sana'a ce ƙwarai a ƙasar nan. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wasu gumakan yumɓu a ƙauyen Nok, wanda ke kudancin Jihar Kaduna. Bayan haka masu binciken kayan tarihi suka sami murahun narka ƙarfe na irin mutanen nan a Taruga, waɗanda suka haura shekara 2,000. A Kano kuma an tarar da alamun narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7, har ma akwai masu cewa sunan birnin na wani maƙeri ne da ya zo daga Gaya neman tama.

A zamanin dā samun ƙarfe wahala ne babba. Sai a haƙo tama, wato dutsen da ƙarfe ke ciki, a sassare itacen ƙirya a ƙone shi ya zama gawayi. Sa'an nan a gina murhun yumɓu mai kama da ɗan rumbu, a zuba tama da gawayi, a yi ta wuta har ƙarfen ya rabu da ƙasa ya dunƙule. Saboda wannan wahala ba a wasa da ƙarfe. Fartanyar da ta cinye ba a yar da ita, akan mayar wa maƙeri ya juya ta wani abu dabam.

Jirgin ƙasa ne ya sāke al'amarin. Hanyar jirgi da aka ɗauko daga Baro ta haye kogin Kaduna ta isa Kano a 1911. A 1917 Gwamna Lugga ya ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru ya kawo ta Kaduna, a 1927 kuwa hanyar da ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Kafanchan ta haɗu da ta farko a tashar da ke kudancin kogi. Leburori da masu sana'a da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, suka tarar da Gwarawa waɗanda ke noma a wurin tun tuni. Kowane baƙo kuwa yana bukatar gatari da wuƙa da fartanya.

Jirgin bai kawo masu saye kaɗai ba, ya kawo ƙarfe. Guntayen dogo da tsofaffin ƙusoshi da kayan jirgi da suka lalace suka wadata, daga baya kuma ƙarfen tsofaffin motoci ya biyo. Da maƙeri ya ga ga ƙarfe nan a shirye da araha, sai ya daina jiran masu tama. Sannu a hankali murahun tama suka mutu a ƙasar Hausa, aka rasa mai gina su. Sana'a ɗaya ta ɓace ke nan, ɗaya kuma ta sami abinci.

Yadda a ke ƙera wuƙa kuwa bai sāke da yawa ba. Maƙeri yakan zaɓi sifirin ɗin mota, don ƙarfensa yana riƙe kaifi. Yaronsa ya zauna wajen zuga-zugi yana hura gawayi har ƙarfen ya yi ja wur. Sa'an nan maƙeri ya ɗauko shi da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta dukansa da masaba, ya mai da shi wuta, ya sāke fitarwa, har ruwan wuƙa ya fito sosai. Ya bi shi da magagari ya gyara, ya sāke zafafa shi, ya tsoma cikin ruwa ko mai domin ya yi tauri. Nan gwaninta ta ke. Idan taurin ya yi yawa, wuƙar ta karye ran da ta gamu da ƙashi. Idan ya kasa, ta dakushe tun ba a je ko'ina ba. Ba ma'aunin da zai gaya masa lokaci sai idonsa da launin ƙarfen.

In an gama da ruwan wuƙa, saura ƙota da kube. Akan sassaƙa ƙota da itace mai ƙwari, a zafafa wutsiyar ƙarfen a cusa ta ciki ta zauna daram. Kube kuwa, sai a tsaga itace mara nauyi gida biyu, a rarake kowane ɓari daidai kwancin wuƙar, a haɗa su a ɗaure. Mai son ado ya kai wa baduku ya lulluɓe shi da jar fata, ya yi masa maɗauri, don mutanen dā sukan ɗaura wuƙa a damtse. Kube ba na kowace wuƙa ba ne, na wadda aka auna shi da ita ne kaɗai. Shi ya sa wuƙar da aka sa a ƙera musamman ta cancanci kyauta. Mutum yakan aika wa mahaifinsa ko amininsa da ita gab da Babbar Salla don yankan layya, ɗan aike kuma ya sami tukwici, gama an ce yaba kyauta tukwici.

Daga baya manyan masana'antu suka kewaye Maƙera. A 1957, zamanin da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ke Firimiya, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri. A 1964 aka kafa ma'aikatar ƙera makaman soja, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci. Samari suka bar rumfunan iyayensu suka kama aikin albashi, ana ganin ƙirar hannu ta zo ƙarshe. Amma a 2002 masaƙar nan ta farko ta rufe, a 2007 United Nigerian Textiles ita ma ta tsai da aiki, dubban magidanta suka wayi gari ba abin yi.

Maƙeran Kaduna kuwa ba su tashi ba. Ko da ya ke wuƙaƙen ƙasashen waje masu ƙyalli sun cika kasuwa, mahauta da manoma ba su daina neman ƙirar gida ba, don ita ce in ta dakushe a wasa ta, in ƙotarta ta tsage a sāke mata wata. Abin tsoro ɗaya ne. Sanin tama ya ɓace ne don an rasa mai koyo, sanin taurin ƙarfe kuma a idon maƙeri ya ke, ba a takarda ba. Muddin akwai yaro zaune wajen zuga-zugi yana duban hannun ubangidansa, sunan Maƙera bai zama suna kurum ba.