Da wane suna za a nemi kakan da ya sari daji?

In ka tambayi dattijo a ƙauye asalin gidansu, da wuya amsar ta wuce "kakanmu ne ya sari wurin nan." Ya zo da gatari da ƙwaryar iri, ya kafa bukka, ya haƙa rijiya, mutane suka biyo shi. Jikan da ya yi boko, in ya tashi neman wannan kaka a rubuce, yakan nufi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ya yi ta buɗe fayil, ya dawo hannu rabbana. Sau da yawa kakan yana nan a ciki. Sunan da aka je nemansa da shi ne ya saɓa da wanda aka rubuta.

Ni a ganina, takarda ta farko ita ce sunan garin kansa. Inda aka ce Gidan Wane, kamar Gidan Madi a Sakkwato ko Gidan Rumji a jihar Maraɗi, galibi gida ɗaya ne ya hayayyafa har ya zama gari. Tunga kuwa, wadda ta yawaita a Kabi da Sakkwato da Neja, asalinta zaman gona ne: a fito daga babban gari da damina, a koma bayan girbi, har wata shekara a ƙi komawa. Wanda kakansa ya kafa tunga, sai ya nemi tushensa a garin da tungar ke bi, domin can aka san uban kakan. Tungaye da yawa sun tsiro ne bayan 1903, da hare-hare suka lafa, talaka ya daina tsoron kwana a bayan ganuwa.

Akwai sunayen da ke buƙatar ƙarfin zuciya. In ka ji rinji, ko rumada, to zaman bayi ne masu noma wa ubangijinsu. Gandu kuma fuska biyu gare shi. Akwai gandun gida, inda uba da 'ya'yansa ke noma tare, kowane ɗa da gayaunarsa ta kansa, akwai kuma gandun sarki ko na attajiri, irin wanda ya bar suna a unguwar Gandun Albasa a Kano. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta ɓoye cewa danginta suna da rinji ba. Don haka kalmar "ya sari daji" tana iya nufin mutumin da ya riƙe gatarin, tana iya nufin wanda ya tsaya a inuwa yana ba da umarni. Masu riƙe gatarin su ma kakannin wasu ne, kuma su ne suka fi ɓacewa a takarda, sai fa in sun je gaban alƙali kan murgu ko fansar kai. Bai dace mai bincike ya tsallake kalmar rinji don ta yi masa nauyi ba.

Sai sunan mutumin. Abin da jikoki suka riƙe yawanci laƙabi ne: Dogo, Tanko, Ɗanladi, ko Sarkin Noma, sarautar da a wurare da dama ake ba wanda ya tara dami dubu. Sunan yanka alkunya ta binne shi, don matarsa ba ta faɗa, surukai ba sa faɗa. Amma bai mutu ba. A duba yaran gidan da ake kira Abba, ko Baba, ko Baffa: an mayar musu da sunan wani babba ne, aka sakaya. Tsohuwar da ta san takwaran wa aka yi wa kowane yaro ta fi fayil goma amfani, kuma ita ba ta jiran kowa.

In an samu sunan, saura rubutunsa. Baƙaƙe masu lanƙwasa ba su shigo boko ba sai a shekarun 1930, saboda haka Ƙaura da Kaura duk ɗaya ne a tsohon fayil. Muhammadu na iya fitowa Mamman, Abdullahi ya fito Audu, unguwa ta zama "Ungwan". A Nijar kuwa Faransawa sun rubuta gida "Guidan", tunga "Tounga".

Takardun Turawa na haraji ne, wannan kada a manta. Jami'in da ya zagaya gunduma ya ƙirga gidaje da gonaki da shanun jangali, ya rubuta sunan dagaci da jerin waɗanda suka gabace shi. Manomi ba ya samun layi nasa sai in shi ya kafa garin. A Kano an yi tsarin taki, malamai suna auna gona da tafiyar ƙafa suna rubuta mai ita, amma mai gida ake rubutawa, 'yan gandu suna ƙarƙashinsa. Inda talaka ya fi bayyana da sunansa shi ne littafin shari'a. Hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, suna ɗauke da rigingimun gona. Mai karanta irin wannan littafi sai ya bambance gado da aro, da jingina, da saura, wato gonar da aka bari ta huta, don kowace kalma tana faɗin yadda ƙasar ta shigo hannun mutum.

Shekara ma suna gare ta. Dattijo ba zai ce maka 1914 ba, zai ce an sari gonar bayan yunwar Kakalaba, ko shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, wato 1911, lokacin da gyaɗa ta fara jan mutane zuwa sabbin gonaki. Da irin wannan suna ake sanin fayil na wace shekara za a nema a fito da shi.