Boren 'Yan Haya na Gilasgo, 1915, da Mafarin Gidajen Hukuma a Birtaniya

Lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a watan Agusta na 1914, birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan yana cikin manyan wuraren ƙera jiragen ruwa na duniya. Masana'antu sun yi jere a bakin Kogin Kilaid, ana aiki dare da rana. Amma mazaunin ma'aikatan abin takaici ne. Ƙidayar 1911 ta nuna cewa fiye da rabin mutanen birnin suna zaune ne a gidaje masu ɗaki ɗaya ko biyu, cikin dogayen benaye na dutse, inda sau da yawa iyalai da dama ke tarayya a makewayi guda. Kusan dukkansu 'yan haya ne. Mai gida kuwa ba safai ake ganinsa ba, sai wakilinsa, wanda ke karɓar haya, ya kuma kai ƙarar wanda ya gaza.

Da yaƙi ya yi zafi, dubban mutane suka kwararo birnin neman aiki a masana'antun makamai, alhali kuwa ginin sababbin gidaje ya riga ya ja baya tun kafin yaƙin. Masu gidaje suka ga kasuwa ta buɗe. A unguwannin Govan da Partick, inda ma'aikatan jiragen ruwa suka fi yawa, ƙarin haya ya kai kashi 25 cikin ɗari a wasu gidaje. Masu gidajen sun kafa hujja da tsadar gyara da hauhawar kuɗin ruwa na bashin da ke kansu, kuma ba duka maganar ce ƙarya ba. Sai dai ƙarin bai bambanta mai albashi mai tsoka da matar sojan da mijinta ke fagen daga ba. Korar irin waɗannan mata da 'ya'yansu ita ce ta tunzura jama'a.

To, a nan ne mata suka shigo. Tun 1914 aka kafa Ƙungiyar Matan Gilasgo ta Neman Gidaje, cikin jagororin gwagwarmayar kuwa akwai Helen Crawfurd da Agnes Dollan da Mary Barbour, wadda mijinta ke aiki a masana'antar jiragen ruwa a Govan. Dabararsu tana da hikima. Ba su ce a daina biyan haya ɗungurungum ba: sai a miƙa tsohon kuɗi, a hana ƙarin. An manna takardu a tagogi masu sanar da cewa mutanen gidan ba za su tashi ba. Mace ɗaya kan zauna a bakin zauren bene da ƙararrawa, sauran na cikin aikin gida. Da zarar ta hango ma'aikatan kotu tafe da takardar kora, sai ta kaɗa. Nan da nan mata su fito, su cika ƙofa, su yi ta jifan baƙin da garin fulawa da na wake har su juya. In kuwa an yi nasarar fitar da wani, ba a barin sabon ɗan haya ya shiga. Kafin watan Nuwamba, gidaje wajen 20,000 sun shiga boren.

Da kora ta gagara, sai wani wakilin masu gidaje ya sake hanya. Ya kai 'yan haya 18 kotun ƙananan basussuka, da nufin a riƙa cire kuɗin daga albashinsu. Wannan shi ne babban kuskurensa, domin galibin waɗanda aka yi wa sammacin ma'aikatan masana'antu ne. Ranar 17 ga Nuwamba, 1915, maza suka ajiye kayan aiki, suka bi matan zuwa kotu, dubbai bisa dubbai, suna barazanar yajin aiki. Gwamnatin da ke neman harsashi da jiragen yaƙi ido rufe ba ta iya jure tsayawar aiki a Kilaid ko da na mako guda. Aka yi waya da Ma'aikatar Makamai a Landan, wadda Lloyd George ke riƙe da ita, aka janye ƙarar a ranar. A watan Disamba majalisa ta zartar da dokar da ta mayar da hayar ƙananan gidaje yadda take a Agustan 1914, ba a Gilasgo kaɗai ba, a duk faɗin Birtaniya.

An fi yawan tsayawa da labarin a nan, amma abin da ya biyo baya ya fi muhimmanci. Dokar ta ɗaure hannun mai gida, ba ta ƙara ko ɗaki ɗaya ba. Hasali ma, tun da haya ba ta tashi, tsadar gini kuma ta ninka, babu mai kuɗin da zai sake gina wa talaka gida. Gwamnati ta yi nufin ɗage dokar bayan yaƙi, sai ta ga in ta ɗage, boren zai dawo. Hukumar binciken gidajen Sikotilan ta riga ta faɗa a rahotonta na 1917 cewa lalle ne gwamnati ta ɗauki nauyin. Saboda haka a 1919 aka yi dokar da ake kira da sunan minista Christopher Addison, wadda ta wajabta wa majalisun gari su gina gidajen haya da tallafin baitulmali. An yi alkawarin gidaje 500,000. Kafin a kai rabi, gwamnati ta tsuke bakin aljihu a 1921, aka ƙare da wajen 213,000.

Har ila yau, gidajen farko ba su faɗa hannun waɗanda suka fi bukata ba. Unguwar Mosspark da Gilasgo ta gina a ƙarƙashin dokar tana da lambuna da ɗakunan wanka, amma hayarta ta fi ƙarfin lebura. Akawuna da malaman makaranta da ƙwararrun ma'aikata suka cika ta, masu ɗaki ɗaya na Govan suka ci gaba da jira. John Wheatley, wanda ya tsaya wa 'yan haya a 1915, ya zama Ministan Lafiya a 1924, dokarsa kuma ta samar da gidaje fiye da 500,000 kafin a soke tallafinta a 1933. Mafi talaucin jama'a kuwa sai a shekarun 1930, da aka fara rushe tsofaffin benaye, suka sami shiga, galibi a gidaje masu araha waɗanda ba su kai na Mosspark inganci ba.

Mary Barbour ta zama kansila a 1920, tana cikin matan farko da suka shiga majalisar birnin. Zuwa ƙarshen shekarun 1970, fiye da rabin iyalan Sikotilan suna zaune a gidajen hukuma. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba mazauna ikon sayen gidajen da rangwame, aka sayar da dubban ɗaruruwa ba tare da an gina madadinsu ba, jerin masu jiran gida ya sake tsawo. Sikotilan ta dakatar da wannan ciniki a 2016.