Kundin Haraji da Ƙwaƙwalwar Hukuma a Ƙasar Gaya

Labarin cewa maƙeran Gaya, wato Abagayawa, su ne suka fara sauka a gindin Dala don neman tama, ta baki ya iso mana. Haka sha'anin mulki ya daɗe yana tafiya a wannan ƙasa: mai unguwa ya san gidajensa, dagaci ya san iyakokin gonaki, malamin fada yana rubuta wasiƙu da Larabci, amma mafi yawan sani yana cikin ƙirjin dattawa. Ranar da dattijo ya kwanta dama, sai wata iyaka ta bi shi kabari.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, suka tilasta wa hakimai zama a gundumominsu, aka kafa Baitulmali, aka ɗora wa malaman haraji rubuta sunan kowane baligi da ƙirga shanu saboda jangali. Ba don ƙaunar talaka aka yi ba. Mutane sun tsere daga gidajensu saboda wannan kundi. Duk da haka, a ganina, shi ne ya fara ba hukumar Gaya ƙwaƙwalwar da ba ta mutuwa da mutuwar mai ita, domin kowace shekara ana sabunta shi, ƙauye bayan ƙauye, har yankin Ajingi.

Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talaka ya numfasa, kuma ya cancanta. Sai dai ƙidayar shekara-shekara ta tafi tare da su.

Daga nan hukuma ta yi ta sauya riga. An ɗaga darajar Sarkin Gaya a 1981, aka soke a 1983. Aka kafa masarauta a 2019, aka rushe a 2024, aka maido ta a daraja ta biyu da Gaya, Ajingi da Albasu. Kowane sauyi yana nufin fayiloli sun koma wani ofis, wani hannu.

Yau ana ɗokin kwamfuta a sakatariyoyi, ni ma ina maraba da ita. Amma abin da aka zuba mata take riƙewa. Ɗalibi yana iya zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ya karanta rahotannin Lardin Kano na zamanin Turawa, alhali idan rikicin gona ya tashi a ƙauyukan Ajingi, har yanzu tsofaffin gari ake kira su nuna inda iyaka ta bi.