Samfurin ma'auni: garin ganyen da ake gwada ɗakin gwaje-gwaje da shi

Samfurin ma'auni mai takardar shaida, wanda masana ke taƙaita sunansa da CRM, garin tsiro ne da aka busar, aka niƙa, aka cakuɗa har ya zamana ko'ina aka ɗiba daidai yake da sauran. Daga nan sai a auna yawan dalma, kadmiyom, asenik, zaiba da sauran sinadaran da ke cikinsa ta hanyoyin awo daban-daban da ba su dogara da juna ba. A kwalba ake sayar da shi, haɗe da takarda mai nuna adadin kowane sinadari da iyakar kuskuren da awon zai iya ɗauka. Amfaninsa shi ne: kafin a gaskata abin da ɗakin gwaje-gwaje ya faɗa a kan alayyahu ko shinkafa, sai ya fara nuna cewa zai iya gano adadin da aka riga aka sani.

Wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Humphry Bowen, na cikin waɗanda suka share fage. A shekarun 1960 ya noma wani nau'in kabeji, ya mayar da shi gari, ya rarraba wa ɗakunan bincike na ƙasashe da dama. Sakamakon da ya dawo ya sha bamban ƙwarai, alhali gari ɗaya aka auna. A 1971 hukumar ma'auni ta Amurka, wadda yanzu ake kira NIST, ta fitar da samfurinta na ganyen itatuwan lambu. A yau tana da na ganyen tumatir mai lamba 1573a, da na ganyen tuffa mai lamba 1515, da na garin shinkafa. Cibiyar bincike ta Tarayyar Turai da ke Geel a Beljiyom da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya su ma suna samar da nasu.

Abin da ake nema a jikin ganye ɗan mitsitsi ne. Hukumar Codex ta ƙayyade cewa dalma kada ta wuce miligiram 0.3 a kowane kilo na kayan miya masu ganye, hatsi kuma 0.2. A wannan mataki, ƙurar da ta shigo ta taga, ko kwalbar da ba ta wanku ba, ko asid maras tsarki sun isa su ninka sakamako. Haka kuma idan ganyen bai narke sosai a asid ba, ko zafi ya kori zaiba, sai na'ura ta nuna ƙasa da gaskiya, ba kuma za ta yi ƙorafi ba: lamba kawai za ta fitar. Shi ya sa ake narkar da samfurin ma'auni tare da ganyen da ake bincike, ta hanya ɗaya, a rana ɗaya. Takardar ganyen tumatir ta ce akwai kadmiyom kimanin miligiram 1.5 a kilo. Wanda ya auna ya sami 0.9, sauran alƙalumansa na ranar duk abin tuhuma ne.

Batun ya shafe mu kai tsaye. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinare cikin gidaje, wani lokaci da injinan da ake niƙa hatsi. A Kano kuwa an daɗe ana rubutu kan lambunan da ake shayarwa da ruwan Jakara da na Challawa, inda dattin masana'antu ke malala. Da irin waɗannan alƙaluma ake neman a rufe masana'anta, ko a hana manomi sayar da kayansa, ko gwamnati ta ce babu komai. Kowane ɓangare yana iya ɗaga takardar gwaji, don haka hatimin jami'a ko na hukuma kaɗai bai isa hujja ba.

Samfurin yana da nasa iyaka. Kwalba ɗaya kan ci ɗaruruwan daloli, kuma daga waje ake shigo da ita, abin da ke nauyi ga ɗalibin da ke bincike da kuɗin aljihunsa. Takardarsa na da wa'adi. Ba kowace lamba da ke cikinta ce tabbatacciya ba, wasu don ƙarin bayani kawai aka sa su. Sannan ganyen tuffa ba zogale ba ne, garin shinkafa ba gero ba ne, dole mai awo ya zaɓi mafi kusa da abin da ke gabansa. Samfurin ba ya kuma gyara kuskuren da aka yi tun a gona, wajen ɗibar ganyen.

Duk wanda rahoton gwaji ya zo hannunsa, ɗan jarida ne ko lauya ko ɗan majalisa, ya duba wane samfuri aka yi aiki da shi, da lambarsa, da kashi nawa cikin ɗari na adadin takarda aka gano, ga kowane sinadari da aka ambata. Ya kuma tambaya ko ɗakin yana da amincewar ƙa'idar ISO 17025, kuma ko amincewar ta haɗa da wannan gwajin, domin ana bayar da ita ne gwaji-gwaji, ba ga gini ɗungum ba.