Ganin Jini da Ganin Jijiya: Tarihin Hoton Ƙwaƙwalwa Bayan Zubar Jini, da Rabon Kudancin Kaduna a Cikinsa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin sawun wata tambaya guda ɗaya wadda likitoci suka shafe shekaru fiye da 300 suna fama da ita, watau idan jini ya zuba a cikin kan mutum, ta wace kafa ya fito? Tambayar tana da nauyi, domin jijiyar da ta fashe sau ɗaya tana iya sake fashewa, fashewa ta biyu kuwa ta fi ta farko kisa. Za a ɗauko tarihin daga ƙasashen da aka ƙago na'urorin, a biyo da shi ta Ibadan, sa'an nan a sauke shi a unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha.

Ya kamata a share fage da batun kalma. A Hausa, jijiya suna ne da ya haɗa hanyar jini da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa da kuma agara. A cikin wannan takarda, duk inda aka ce jijiya, hanyar jini ake nufi. Lahanin da ake nema a jikinta iri biyu ne manya. Na farko shi ne kumburin jijiya, wanda likitoci ke kira anurizim, inda bangon jijiya ke yin rauni ya tasa kamar bororo. Na biyu shi ne sarƙaƙiyar jijiyoyi, inda masu kai jini da masu komo da shi suka cuɗe kai tsaye, ba tare da ƙananan hanyoyin da ke rage wa jini ƙarfi ba.

Zamanin da gawa kaɗai ke ba da amsa

A cikin shekarar 1658 wani likita na ƙasar Suwizalan, Johann Jakob Wepfer, ya nuna ta hanyar binciken gawa cewa wasu daga cikin mutanen da ke faɗuwa farat ɗaya su shanye, jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwarsu. A 1664 kuma Thomas Willis na Ingila ya bayyana zoben jijiyoyin da ke gindin ƙwaƙwalwa, wanda har yau ake kira da sunansa, kuma a kewayensa ne mafi yawan kumburin ke tasowa. Amma wannan ilmi duk na bayan mutuwa ne. Mai rai bai amfana ba sai a 1891, sa'ad da Heinrich Quincke na Jamus ya fito da dabarar ɗiban ruwan kashin baya da allura. Idan ruwan ya fito da jini, an san an yi zuba, amma ba a san wurin ba. Hasken eksire da Röntgen ya gano a 1895 bai warware matsalar ba, gama ƙoƙon kai yake nunawa, ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta kuwa sai su ɓace.

Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Egas Moniz na birnin Lisbon. A 1927, tare da likitan fiɗa Almeida Lima, ya ɗura wani ruwa mai sinadarin aidin a cikin babbar jijiyar wuya, ya ɗauki hoto kafin ruwan ya wuce, sai ga jijiyoyin kan mai rai sun bayyana kamar rassan bishiya. Aikin bai zo da sauƙi ba. A gwaje-gwajen farko an rasa rai, wani ruwan kuma da aka koma amfani da shi daga baya, mai suna Thorotrast, ya riƙa haddasa ciwon daji a hanta bayan shekaru masu yawa. Abin mamaki, lambar Nobel da aka ba Moniz a 1949 ta wani aikin fiɗar ƙwaƙwalwa ce da duniya ta yi watsi da shi, hoton jijiya kuwa, wanda ya ɗore, bai sami lada irin wannan ba. Da aka sami ido, sai hannu ya biyo baya: a 1937 Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya matse wuyan wani kumburi da ɗan ƙarfe, ya raba shi da jijiyarsa. A 1953 Seldinger na ƙasar Suwidin ya sauƙaƙa hanyar zura siririn bututu cikin jijiya, har aka kai ga ana shiga ta matsematsi a tura shi zuwa wuya.

Ibadan da batun "ƙarancin" cutar

A Nijeriya, fiɗar ƙwaƙwalwa ta zamani ta soma ne a 1962, sa'ad da Latunde Odeku ya komo daga Amurka ya kafa sashenta a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Shi da abokan aikinsa, Adelola Adeloye da Benjamin Osuntokun, sun yi rubuce-rubuce a kan zubar jini a kai tsakanin 'yan Nijeriya. A wancan zamani ra'ayin da ya yaɗu a cikin littattafan likitanci shi ne kumburin jijiyar ƙwaƙwalwa bai cika samun baƙar fata na Afirka ba.

A nan ne nake ganin ya dace mai nazarin tarihi ya tsaya ya yi tambaya. Su wane ne aka ƙidaya? Wanda kumburi ya fashe masa, sau da yawa yakan cika kafin a kai shi asibiti. Wanda ya kai, sai an sami na'ura da ruwan hoto da gwanin karanta shi. Wanda ya rasu kuwa, a yawancin garuruwanmu akan yi masa sutura a ranar, binciken gawa kuma abu ne da iyalai ba su cika yarda da shi ba. Saboda haka duka ƙofofin nan biyu da Turai ta bi ta san cutar, watau gawa da hoto, a ƙuntace suke a wurinmu. Hujja mai ƙarfi ta zo daga wani wuri dabam: a 1992 Broderick da abokansa sun buga binciken da suka yi a yankin Cincinnati na Amurka, inda suka iske irin wannan zubar jini ta fi samun baƙar fata a kan farar fata wajen ninki biyu. Ba za a ɗauki lissafin Amurka a ɗora wa Kaduna kai tsaye ba, amma ya isa ya sa a yi shakkar tsohon zance.

Na'urar da ta sauya tambayar

Ranar 1 ga Oktoba 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, aka ɗauki hoton kan majinyaciya ta farko da na'urar CT, wadda injiniya Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ya ƙera. Na'urar tana harba haske ta kusurwoyi masu yawa, kwamfuta ta haɗa lissafin ta fitar da ƙwaƙwalwa yanki-yanki, sabon jini kuma ya fito fari fat. An ba Hounsfield da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, lambar Nobel a 1979. Nijeriya ta sami na'urar farko a Ibadan a 1987, shekara 16 bayan Landan.

Sai dai CT na farko jini take nunawa, ba ta nuna jijiyar. Sai a farkon shekarun 1990, da aka sami na'urori masu sauri, aka iya ɗura ruwan hoto ta jijiyar hannu a ɗauki jijiyoyin kai cikin daƙiƙoƙi. Daga nan tambaya ta koma: wane majinyaci ne za a yi wa hoto na biyu? Idan jinin ya malala a ƙarƙashin rufin ƙwaƙwalwa, da ciwon kai mai faɗowa kamar tsawa, to kowa ya cancanta, domin wajen kashi 85 cikin 100 na irin wannan kumburi ne ke jawo shi. Idan kuwa jinin ya taru can cikin ƙwaƙwalwa a jikin dattijo mai daɗaɗɗen hawan jini, galibi ƙananan jijiyoyi ne suka gaji, hoto na biyu ba ya cika nuna kome. Tsakanin waɗannan biyu akwai matasa da waɗanda ba su da hawan jini. Wani bincike da aka buga a 2015 daga ƙasar Holan, mai suna DIAGRAM, ya duba majinyata 298 masu shekaru 18 zuwa 70, ya sami lahanin jijiya a 69 daga cikinsu, hoton CT na jijiya kuwa 51 ya kama. Sauran sai da aka bi su da na'urar MRI da kuma tsohuwar hanyar Moniz ta bututu.

Kudancin Kaduna

Kudancin kogin Kaduna ya cika ya batse ne saboda tashar jirgin ƙasa da masana'antu. Masaƙar Kaduna ta soma aiki a Kakuri a 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya biyo a 1975, ma'aikata kuma suka kwararo daga ko'ina. Asibitocin yankin, kamar St. Gerard da Gwamna Awan a Kakuri, an kafa su ne domin haihuwa da rauni da cututtukan yau da kullum. Asibitin Tarayya na Barnawa kuwa, ko da yake jama'a na kiransa asibitin ƙwaƙwalwa, ainihin aikinsa kula da taɓin hankali ne, wannan suna ma kan iya rikita iyalin wanda ya ruɗe bayan faɗuwa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda tun ƙarshen shekarun 1960 yake da rassa a Kaduna da Zariya da Malumfashi, ya tattara ya koma Shika a 2005, tafiyar kilomita fiye da 80 daga Kakuri. Lokacin ya zo daidai da durƙushewar masaƙu, inda dubban ma'aikata suka rasa albashi da asibitin kamfani, alhali kuɗin hoto daga aljihun iyali yake fita.

Bukatar kuwa babba ce. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, har da na Zariya da Kano, aka buga a 2018, ya nuna cewa a cikin mutum 2,118 masu shanyewar ɓarin jiki, 682 zubar jini ce ta same su, watau kusan ɗaya cikin uku, rabon da ya zarce na Turai nesa ba kusa ba. Ya kuma nuna hawan jini ne uban tafiya. To, a nan tarkon yake. Da yake hawan jini ya yawaita, da wuya a auna wanda jini ya zuba masa a ka a same shi daidai, tun da zubar kanta tana ɗaga awo. Sai a ɗora laifi a kan hawan jini, a tsaya a hoton farko, kumburin ko sarƙaƙiyar na nan kwance. Daɗin daɗawa, ciwon sikila ya yawaita a yankinmu, manya masu ɗauke da shi kuwa sun fi sauran jama'a haɗarin kumburin jijiya. Mai jego ma takan sami toshewar jijiyar da ke komo da jini daga ƙwaƙwalwa, wadda kan haifar da zuba, maganinta kuma ya saɓa wa na sauran, har akan ba da mai tsinka jini.

Ba zan ɓoye ra'ayina a kan ƙaho da tofi da turaren iska da akan soma da su ba. Iyalin da ke yin haka suna aiki ne da bayanin da suka gada game da faɗuwar farat ɗaya, ba na kuwa ganin amfanin yi musu ba'a. Illar tana ga lokaci. Haɗarin sake fashewar kumburi ya fi yawa a kwanan farko, kuma jinin da CT ke gani sarai a cikin sa'o'i shida na farko yakan dusashe da kwanaki, har hoto ya fito kamar lafiya lau. A yau ana iya toshe kumburi da siririyar waya ta cikin bututu ba tare da buɗe kai ba, dabarar da Guido Guglielmi ya fito da ita a farkon shekarun 1990, gwajin ISAT na 2002 kuma ya tabbatar da fa'idarta. Amma ko waya ko ƙarfen Dandy, ba a sa su sai a jijiyar da aka gani. Ɗan shekara 35 da ya faɗi a Makera, aka haye gada da shi aka ɗauki hoton farko aka ga jini, abin da ya rage a tambaya kafin a sallame shi shi ne ko an ɗura ruwan hoto an duba jijiyoyin, in ba a yi ba kuma, wace rana ce kuma a wane asibiti za a yi.